Ranar da Na Sayar da Turmin Falmata

Kun taso kun tarar ana kirana Alhaji Na-Fasa a Kantin Kwari, har masu tura kura da yawa ba su san sunana Bukar ba, kuma na lura kowannenku da labarin da ya riƙe a kan asalin sunan. Wani jikana ya ce ya ji aikin Hajji na fasa, wata ta ce gida na yi ciniki a Fagge na janye. Babu ko ɗaya da ya faru. Tun da yanzu gwiwa ta hana ni zaman shago, Allah kuma ya bar mini ido da hannu, bari in rubuta muku yadda abin ya kasance, kafin ku je ku ji shi a bakin Alhaji Buba, wanda duk ranar da ya ba da labarin sai ya ƙara masa gishiri.

Sai kun fara sanin yadda ciniki yake a wurinmu. Mai saye ya taya, kai ka ce albarka, ya ƙara, ka sake cewa albarka, har a zo inda ranka ya kwanta ka ce ka sallama. Daga nan kaya sun fita daga hannunka, ko ba a ɗaga su daga kanta ba, ko farashi ya ninka kafin la'asar. Haka na tarar da mahaifina yana yi, shi ma haka ya tarar da nasa, wanda ya taso daga Borno ya zauna a Fagge da fataucin tufafi. Da shekaru suka tura, 'yan layinmu suka mai da ni mai raba musu gardama, kuma hukuncina ɗaya ne kullum: wanda ya sallama ya sallama. Shi kansa Alhaji Buba, Bafulatanin da shagonsa ke kallon nawa, na taɓa yanke masa wannan hukunci. Ya sayar da dilar shadda da safe, da rana kuɗinta ya tashi, ya so ya karɓo abarsa. A gaban jama'a na tambaye shi ko a rugarsu in an sayar da saniya ana bin ta a dawo da ita garke. Aka yi ta dariya, shi ma ya yi, don tsakanin Babarbare da Bafulatani ba a fushi da irin wannan, amma ya nuna ni da yatsa ya ce, “Bawana, zan jira ka.” Ya kuwa jira, shekara da shekaru.

'Yata Falmata, wadda wasunku ke kira Anti wasu kuma Yaya, ita ce ta jawo ranar ba tare da ta sani ba. Da ta samu shiga jami'a na so ta karanta harhaɗa magunguna, ita kuwa ta zaɓi zanen yadi da rini. Ban hana ta ba, amma abin da na yi bai fi hanawar kyau ba: na ɗauke kaina. Duk tsawon karatunta bokitan rini suna jere a bayan gida, hannuwanta kullum shuɗi ko ja, kwatar gidanmu tana fitar da ruwa mai launi har maƙwabta suna tambaya ko marina muka buɗe. Ni da nake sayar da yadi tun kafin a haife ta, ban taɓa cewa ta kawo in gani ba. In na wuce ta tana shanya, abin da nake faɗa kawai shi ne a kula kada ya ɗiga a kan tabarmar sallata. A raina yadi abu ne da ake saukewa daga jirgi a dila, ba abin da yarinya ke kwaɓawa a bokiti ba.

A shekararta ta ƙarshe, wata safiya ina shan koko, mahaifiyarta Hajiya Yagana ta zauna kusa da ni da irin zaman da na sani, na mai ɗauke da saƙon wani. Falmata tana tsaye a bakin ƙofa da wasu takardu masu hoto a hannu.

“Alhaji, 'yarka ce ke da magana, ta ce ba za ta iya ba.”

“Bakinta ciwo yake?”

Falmata ta matso ta durƙusa. Ta ce sashensu zai yi baje kolin ayyukan ɗalibai masu fita, kowa zai rataye abin da ya yi, kuma a ranar ce wata Farfesa daga wata jami'a za ta zo ta duba ta ba da makin ƙarshe. Ta ce duk shekara ana yi, amma ba mai zuwa sai malamai da ɗalibai, su kalli juna su watse. Bana shugaban sashen ya ce yana son 'yan kasuwa su zo, su da yadin yake rayuwa a hannunsu, aka raba wa ɗalibai takardun talla kowa ya kai inda yake da hanya.

“Ni kuma aka ce babana yana Kwari,” in ji ta, tana kallon ƙasa. “Ko liƙawa kawai a yi a jikin shago, Baba.”

Na karɓi takardar na juya ta. Turanci ne zalla, da ƙananan rubutu. Na ce mata in na liƙa wannan a Kwari, kafin azahar mai gyaɗa ya ɓalle ta ya yi ƙunshi da ita, kuma ko an karanta ba mai rufe shago saboda takarda. Ta miƙe za ta tafi, fuskarta ta nuna abin da ta zata ke nan. Ban san abin da ya taɓa ni ba a lokacin, wataƙila yadda ba ta ko yi mamaki ba. Na ce ta dawo.

“Mutum kike so ya zo, ko takarda kike so a gani?”

“Mutum, Baba.”

“To ki bar mini. Mutumin Kwari goro ne ke tayar da shi.”

Haka na yi gayyar kamar ta ɗaurin aure, don ita kaɗai na iya. Na sayi goro mai kyau da alawa, na sa babbar riga, na bi shago shago da ƙafata. Duk inda na miƙa goro sai a ce Allah ya sa alheri, wa za a aurar? In ce ba aure ba ne, yarinya ce ta gama karatun zanen yadi za su nuna aikinsu. Sai a dubi goron da aka riga aka ɓare, a ce to Allah ya kai mu. Wanda ya ci goronka ya ɗaure kansa, kowa ya san wannan. Na gama Kwari na tsallaka Bata, na shiga Sabon Gari wajen teloli masu saye a hannuna, cikinsu har da Madam Saratu, wata Kirista 'yar wajen Zariya da ta daɗe tana ɗinka wa matan gidanmu da na Buba kaya. Ta karɓi alawa ta ce aiki ya yi mata yawa, amma za ta sa yarinyar a addu'a. Abokan karatun Falmata kuwa suna nasu tallan a waya, har suka zo suka ɗauki hotona riƙe da farantin goro suka yaɗa. A kwanakin nan na ji wani daɗi da ban san da shi ba. Na faɗi kalmar “'yata” a mako guda fiye da yadda na faɗe ta a shekarun karatunta duka, alhali har lokacin ban ga abin da nake gayyatar mutane su gani ba.

Ranar da aka buɗe, 'yan Kwari suka zo kamar an ce ana raba fili. Motoci cike, manyan riguna, ƙamshin turare ya cika ɗakin taron. Shugaban sashen ya riƙe hannuna da hannu biyu yana godiya, ya ce tun da yake bai taɓa ganin ɗakin nan ya cika ba. Sai dai akwai abin da ba wanda ya yi tunaninsa. A gaban kowane yadi an ajiye ɗan kwali an rubuta kada a taɓa, mu kuwa ba ma ganin yadi da ido. Kafin a ankara, wannan ya kama gefen wani yana murzawa, wancan ya dunƙule shi a tafin hannu ya saki ya ga ko zai yamutse, wani dattijo ya lashi yatsa ya goga a jikin rini ya ɗaga yana duba ko yana zuba. Ɗalibai suka riƙa kai da kawo kamar kaji an shigo musu akurki, mai gadi yana ta cewa ranka ya daɗe ba a taɓawa, ana amsa masa da to, to, hannu kuwa bai bar yadin ba. Amma da yaran suka ji ana tambayarsu wane irin zare ne, yadi nawa za su iya yi a wata, sai tsoron ya koma murna. Na ga wani yaro yana bayani, Alhazawa sun kewaye shi suna gyaɗa kai.

Falmata ta kai ni gaban nata. Turmi guda ne cikakke, an rataye shi daga sama har ƙasa. Layuka ne a kwance, wasu siririya wasu masu kauri, ja a kan shuɗi, ruwan goro a kan kore, ba su miƙe sak ba, kowanne ya ɗan lanƙwasa a ƙarshe kamar an naɗe shi. Na tsaya ina kallo, ina jin kamar na san shi a wani wuri amma na kasa tunawa. Na kai hannu na murza. Hannuna ya gaya mini gaskiya kafin zuciyata ta yarda: yadi ne na gaske. Na so in yaba mata, amma bakina bai saba ba. Sai aka zo aka ce ɗalibai duka su je wani ɗaki a yi musu bayanin yadda Farfesa za ta zagaya bayan sallar azahar.

“Baba, don Allah ka tsaya a nan, kada kowa ya taɓa mini,” in ji ta.

Na tsaya. Kun san wanda ya shekara arba'in yana tsayawa kusa da yadi, ƙafarsa da bakinsa sun san aiki ɗaya ne kawai. Mutane suka fara taruwa, ni kuwa na fara yi musu bayani kamar a shago, ina buɗe gefe ina nuna musu bayan yadin. Sai ga Buba ya kutso, ya tura hula gaba, ya murza, ya lashi yatsa ya goga.

“Babarbare, wannan ba aikin gidanku ba ne. A ina yarinyar ta saye shi?”

“A bokitin bayan gidana aka yi shi, ɗan Fillo. Kai da ba ka san komai ba sai nono.”

“To nawa?”

Da na ce masa ba na sayarwa ba ne, da yanzu ba ku da labarin karantawa. Amma mutane suna kallo, kuma a karon farko wani ya tambayi kuɗin abin da 'yata ta yi. Na faɗi kuɗin da ko leshi mai tsada ba a sa masa. Ya yi dariya ya taya rabi, na ce albarka. Ya ƙara, na ce albarka. 'Yan kallo suka shiga, wannan ya ce Alhaji ka rage masa, wancan ya ce Buba ka ji kunya ka cika. Ɗakin jami'a ya koma layinmu na Kwari, na manta da Farfesa, na manta da maki, ban san komai ba sai cewa ba zan sauko ba. Buba ya share zufa ya ce ya saya a yadda na faɗa, don uwargidansa na da suna jibi, yana so ta shiga taron da abin da ba wadda ke da irinsa. Na ji bakina ya ce na sallama. Aka yi tafi. Ni da kaina na taya shi sauke turmin, na ninke masa shi ninkin shago, ya saƙale a hammata ya fita ta gaban mai gadi, wanda ya riga ya gaji da Alhazawa.

Ina tsaye gaban bango fayau, ina murmushi ina jiran ta zo in yi mata albishir, sai ga ta. Ta dubi bangon, ta dube ni.

“Baba, ina aikina?”

“An saya,” na ce. “Kuma da daraja.”

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta dafa bangon, ta ce a hankali, kamar mai yi wa ƙaramin yaro bayani, cewa turmin shi ne jarrabawar. In Farfesa ta zo ba ta tarar da shi ba, babu maki, in babu maki sai ta maimaita shekara. Mahaifiyarta da ke gefe ta ce innalillahi, ta zauna a kan wata kujera. A lokacin aka fara kiran sallar azahar.

Na koma gefe na kira Buba a waya. Ya ɗauka yana dariya tun kafin in yi magana, na ji ƙarar kekunan ɗinki a bayansa. Na gaya masa halin da ake ciki.

“Ikon Allah,” in ji shi. “Ka sallama ko ba ka sallama ba?”

“Buba, ba lokacin wasa ba ne.”

“Ni ma ba wasa nake ba. A rugarmu in an sayar da saniya ba a bin ta. Wani babban malami ne ya koya mini a Kwari.” Ya bari na ji zafin, sa'an nan ya ce, “Ina shagon Madam Saratu. Yarinyar 'yata ce, ba zan cuce ta ba. Amma kai sai ka zo da ƙafarka ka faɗa da bakinka, a gaban mutane kamar yadda ka yi mini.”

Na ce ya hana Madam taɓa yadin, amma ya riga ya kashe wayar. Ba zan ɓoye muku ba, na ɗan tsaya. Abin da nake da shi a kasuwa ba dukiya ba ce, da yawa sun fi ni. Abin da nake da shi shi ne an san ban taɓa janye magana ba, kuma saboda haka ake kawo mini shari'a. Na san in na faɗi kalmar nan a Sabon Gari, za ta riga ni isa Kwari. Sai na waiga na hango Falmata tsaye a gaban bangon da ba komai, abokanta kowa yana gyara nasa, ita tana gyara ɗan kwalin da aka rubuta kada a taɓa. Na tattara babbar rigata na fita da gudu, irin gudun da rabona da shi tun ina saurayi.

Na yi sallata a gurguje a bakin ƙofar jami'a, na tare adaidaita sahu na ce Sabon Gari, ya bi duk inda ya ga rami. A Bata muka cake, motoci da 'yan kura da masu talla sun haɗe ba gaba ba baya. Na sauka na ratsa da ƙafa, hulata a hannu, 'yan kasuwar da suka san ni suna kira Alhaji lafiya, ban tsaya ba. Da na isa layin teloli, Buba yana zaune a kan benci ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yana shan lemo, kuma ya riga ya tara jama'a.

“Ga shi nan,” ya ce. “Ku matso ku zama shaida. Bawana, me ke tafe da kai?”

Na tsaya ina haki. Na ce, “Na fasa.”

“Kekuna suna ƙara, ban ji ba.”

“Na fasa cinikin, Buba! Na fasa!”

Layin ya ɗauki shewa da dariya. Buba ya tashi ya rungume ni, ya ce yau ko ya mutu ya huta. Muka shiga shagon tare, a nan dariyarsa ta tsaya. Shi yana can waje yana tara mini 'yan kallo, bai gaya wa Madam komai ba, ita kuwa an ce mata ɗinkin gaggawa ne. Turmin yana shimfiɗe a kan tebur, almakashi a kansa, ta riga ta cire ɗankwali daga gefe ɗaya.

Da ta ji labarin ta ɗora hannu a ka. “Wayyo Allah! Na yarinyar da kuka kawo mini alawarta? Alhaji, ku biyun nan da furfurarku!” Ta dube mu kamar ta samu yara suna wasa da wuta. Ta ninke babban, ta miƙa mini, ta rufe shagonta. “Ni na yanka, da ni za a je. Ba za a bar yarinya ta yi bayanin abin da ba ita ta yi ba.” Da muka cusa kanmu cikin adaidaita mu uku, ta rasa inda za ta ajiye guntun kada ya yamutse, sai ta cire nata ɗankwalin ta ɗaura shi a kanta.

Mun tarar Farfesa ta kusa zuwa layin Falmata. Mace ce mai tabarau, ba ta da fara'a, malamai biyu suna bin ta a baya. Falmata ta warware turmin ta ga inda aka yanke, ta runtse ido. Madam ta kai hannu za ta kwance ɗaurin, sai Falmata ta buɗe ido ta dube ta da kyau, ta ce, “Mama, bar shi a kanki. Zo ki tsaya nan.” Ta rataye babban, ta tsayar da Madam a gefen da ya gutsure, daidai inda guntun ya kamata ya kasance.

Farfesa ta iso, ta duba sama ta duba ƙasa, ta tsaya a kan yankan.

“Wannan aikin bai cika ba. Me ya same shi?”

Falmata ta buɗe baki, na ga tana neman yadda za ta rufa mini asiri. Na riga ta. Na ce ranki ya daɗe ni ne mahaifinta, ni aka bar wa gadi, ni na sayar, wannan ne ya saya, wannan ce ta yanka, yarinyar ba ta da laifi ko kaɗan. 'Yan Kwari da suka taru a bayanmu suka amsa da haka aka yi, a gabanmu. Farfesa ta dube ni ta saman tabarau har sai da na ji kamar ni ne ɗalibin. Ta ce doka ita ce a gabatar da aiki cikakke, kuma ba za ta yi kamar ba ta ga yankan ba. Sa'an nan ta ce wa Madam ta juya, Madam ta juya a hankali kamar amarya, ta ce ta sake juyawa. Sai ta kai hannu ta murza gefen yadin da yatsu biyu, irin murzawarmu sak, har wani a baya ya ce ashe tamu ce.

“Yi mini bayanin zanen,” in ji ta.

Falmata ta fara da Turanci, ta waiga ta ga waɗanda ke tsaye, ta nemi izini ta koma Hausa. Ta ce lokacin tana ƙarama, ranar da babu makaranta, babanta yakan tafi da ita shago. In rana ta yi zafi sai ya shimfiɗa mata tabarma a ƙarƙashin kanta ta kwanta. Daga nan ƙasa ba ta ganin furannin atamfa, ba ta ganin komai sai gefen turame da aka ninke aka jera wani kan wani har rufi, launi a kan launi, kowanne da ɗan lanƙwasarsa. Ta ce abin da ta fara sani da suna kyau ke nan a duniya, shi ta zana. Na ɗaga kai na sake duban yadin. Shagona ne. Kantata ce ta hannun dama, inda nake jera masu tsada. Ina kallonta kullum daga tsaye, ban taɓa ganinta daga inda 'yata take kwance ba. Buba ya miƙo mini hankicinsa ba tare da ya dube ni ba, ya ce a kunnena Barebari akwai saurin hawaye.

Falmata ta ci jarrabawarta, ta fita tare da 'yan ajinsu. An rage mata maki saboda yankan, kuma kyautar da ake ba wanda ya fi kowa wata yarinya ce ta samu. Ko da ba don ni ba da Falmata za a ba, ban sani ba, ba ta taɓa faɗa mini ba, ni kuma ina ɗauke da wannan har yau. Baje kolin kuwa ya yi albarka. Yara da dama sun samu masu sayen aikinsu a ranar, wasu har yanzu suna kai kaya Kwari da Sabon Gari, kuma shekara ta zagayo shugaban sashen ya aiko a roƙe ni in sake rabon goro. Na yi, bisa sharaɗin da Falmata ta kafa, cewa a bakin ƙofa zan zauna da farantina, nesa da kowane yadi. Sunan kuma ya riga ni isa kasuwa kamar yadda na zata. Daga ranar ba a sake kawo mini shari'ar sallama ba, don duk wanda na yanke wa hukunci zai ce Alhaji kai fa? Buba ne ya gaji kujerar, abin da ya fi komai ba ni haushi.

A ranar dai har muka koma gida ba ta ce mini uffan ba. Washegari da safe na same ta a bayan gida tana wanke bokitanta. Na tsaya ina neman ta inda zan fara, sai ta yi magana ba tare da ta ɗago ba.

“Baba, da Baffa Buba ya taya, ka yi masa ragi?”

“Ko sisi.”

“Kai da kake rage wa kowa?”

“Yadin waje nake ragewa, don in ya ƙare gobe a sauke wani. Wannan babu na biyunsa. Yana tayawa ina cewa albarka har sai da ya yi zufa.”

Ta ajiye bokitin. Ta rufe fuskarta da hannuwan nan masu shuɗi, kafaɗunta suna rawa, na kasa gane dariya take ko kuka, ina jin duka biyun ne. Sa'an nan ta shiga ɗaki ta jawo wata tsohuwar akwati, ta buɗe ta a gabana a kan tabarmar sallar da nake hana a ɗiga wa rini. Aikin shekarunta ne duka, tun daga na farko mai dabbare-dabbare. Na zauna a ƙasa muka bi su ɗaya bayan ɗaya, har rana ta take ban je shago ba. Da na kai kan wani kore mai kyau, hannuna ya murza, bakina ya fara motsi, sai mahaifiyarta ta leƙo daga madafa ta ce, “Falmata, riƙe kayanki, ga shi nan zai fara.”

Turmin yana nan a shagon Falmata, a rataye a bango da yankansa, ba ta yarda an gyara ba. Ɗankwalin kuwa ta bar wa Madam Saratu, da shi take zuwa coci ranar da take son a tanka mata. Saboda haka in kuna tafiya a Kwari kuka ji an ce ga jikan Na-Fasa, kada ku sunkuyar da kai, ku amsa da ƙarfi. A duk cinikin da na yi a kasuwar nan, wanda na fasa shi ne ya fi yi mini riba.